Ja ko fari: Yadda za ka zaɓi "wayin" na ƙwarai a ƙasar Daura gwargwadon aljihunka

A 'yan shekarun nan da wuya a je dinar biki, ko walima, ko liyafar 'yan siyasa a Daura, ba a ga dogayen kwalabe masu wuya naɗe da takardar ƙyalli jere a kan tebur ba. Matasa suna kiran su "wayin", manya kuwa su ce ruwan inabi. Ana kai su gaisuwar Sallah, ana sa su cikin kayan buɗa-bakin surukai. Sai dai sunan nan guda ya lulluɓe abubuwa uku mabambanta, kuma ɗaya daga cikinsu giya ce tsagwaronta, a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kafin a zo maganar launi ko farashi, dole mai saye ya san abin da ke cikin kwalbar.

Na farko shi ne ruwan inabi da aka matse, aka dafa shi sama-sama don kashe ƙwayoyin da ke sa shi ya tsimu, sannan aka dura masa gas. Bai taɓa zama giya ba. Mafi yawan abin da ake sha a bukukuwanmu, irin su Eva da Chamdor, daga wannan jinsi suke, kuma dabarar tsohuwa ce: wani Ba'amurke mai suna Thomas Welch ya fara ta a 1869, don ya samar wa cocinsu ruwan inabin da ba ya bugarwa. Na biyu giya ce ta sosai, wadda aka bar sukarin inabin ya rikiɗe ya zama barasa, galibi kashi 11 zuwa 14 cikin 100. Wasu daga cikin irin waɗannan, kamar Four Cousins da Carlo Rossi, suna da samfuri mai zaƙi ƙwarai, don haka harshe kaɗai ba ya isa shaida.

Na ukun ne ya fi rikitarwa. An fara yin sa giya, daga baya aka janye barasar da na'ura, ko ta hanyar turara shi a ƙaramin zafi, ko ta tace shi da matsi. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira shi wanda aka cire wa barasa muddin abin da ya rage bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 ba. Ke nan saura na iya kasancewa. Malamai sun saɓa a kansa, kuma majalisar fatawa ta Malesiya ta yanke a 2011 cewa abin shan da aka yi ta hanyar haɗa giya haramun ne ko da an cire barasar. Wanda ya ga kalmar "de-alcoholised" a jikin kwalba, to wannan jinsin ya riƙe, kuma shawara ta koma tsakaninsa da malaminsa.

Akwai abin da ya keɓanci masarautar Daura. Iyakar Kwangwalam tana nan bayan Mai'aduwa a kan hanyar Damagaram, kuma kayan da ke tsallakowa daga Nijar da Faransanci ake rubuta bayaninsu. "Jus de raisin" ruwan inabi ne. "Vin" giya ce. "Sans alcool" na nufin babu barasa, amma idan ta zo tare da "vin", an koma jinsi na uku. A kowane harshe, lambar da ke gaban alamar "% vol" ita ce alƙali. Na taɓa ɗaga kwalba biyu masu kama da juna a wani kanti, ɗaya ruwan inabi, ɗaya an cire mata barasa, na tambayi yaron kantin bambancinsu. Ya ce wannan ta fi tsada.

Batun launi mai sauƙi ne. Ruwan cikin yawancin inabi, baƙi ko kore, kusan fari ne. Jan yana fitowa ne daga ɓawo idan aka bar shi ya jiƙu a ciki. Daga ɓawon ne kuma ake samun ɗan baurin nan mai kama baki, irin na goro ko shayin da ya daɗe a wuta. Shi ya sa ja ke tafiya da nama mai maiƙo, balangu ko tsire ko kilishi. Fari ya fi tsami-tsami da sauƙi a maƙogwaro, ya fi dacewa da kaza, zabo, kifi da shinkafa, kuma a zafin watan Afrilu, idan ya yi sanyi sosai, ya fi ja daɗin sha nesa ba kusa ba.

Farashi kuwa yana canzawa da darajar naira, don haka abin da ya fi amfani shi ne sanin abin da kowane mataki ke sayarwa. Jerin kayan haɗi ana rubuta shi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. A kwalaben mafi araha za ka tarar ruwa ne a farko, sai sukari, sai kala da ƙanshin inabi: lemo ne aka sa masa babbar riga. A matsakaicin mataki, ruwan inabi ne da aka ƙafe shi ya yi kauri don sauƙin jigila, aka sake tsarma shi da ruwa. A ganina nan ne kuɗi ke biyan kansa, musamman ga mai sayen katan-katan na biki. A mataki na sama ana samun inabi zalla ba ƙarin sukari, wani lokaci har da sunan irin inabin da ƙasar da aka noma shi, Sifen ko Afirka ta Kudu. Amma a nan ne kuma aka fi cin karo da jinsi na uku, kuma wani kaso na kuɗin na nauyin kwalba ne da kuɗin fito.

Tsada ba ta kare mutum daga jabu. A watan Disamban 2023 hukumar NAFDAC ta rufe shaguna sama da 240 a kasuwar Eziukwu da ke Aba, inda ta ce ana haɗa jabun giya da lemo, har da na Eva marar barasa, ana kuma sauya ranar lalacewar kayan da suka wuce wa'adi. Masu wannan sana'a tsofaffin kwalabe na ainihi suke tarawa su sake cikawa, shi ya sa fasa kwalba ko lalata takardarta bayan biki ba ɓarna ba ce. Duba lambar NAFDAC, duba ko an kankare kwanan wata an sake bugawa, duba ko murfin yana juyawa kafin a karya hatiminsa. Lambar ma ana iya kwaikwayonta, don haka katan da aka yi wa ragin da ya wuce hankali abin zargi ne. Hukumar Hisbah da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa tana farautar barasa. Jabun lemo kuwa aikin NAFDAC ne, kuma ƙorafin mai saye na iya zuwa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Ko na ainihin ma yana da nasa nauyi. Ruwan inabi zalla na ɗauke da sukari kimanin giram 15 a kowace mililita 100, fiye da na Coca-Cola. Kwalba mai mililita 750 ta haura giram 100, ninki biyu na giram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka a matsayin iyakar babban mutum a yini. Mai ciwon sukari da aka miƙa wa kofi a wurin buɗa-baki ya kamata ya san haka.

Zafi ma abokin gaba ne. Kwalbar da ta yini a rana a bakin kanti takan dushe, ta yi ɗanɗanon dafaffen abu. Wadda aka buɗe aka bari ba firji kuwa, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, tana iya fara tsimuwa cikin 'yan kwanaki, abin da aka guda tun farko ya samu a cikin gida.

Idan kuɗin hannu bai wuce na matakin ƙasa ba, ni dai zoɓo zan zaɓa, wanda aka dafa da citta da kanumfari. Yana da ja na gaskiya, da tsami, da ɗan baurin da nama ke so, kuma mai dafa shi ne ke auna sukarinsa. A gonakin Katsina da Jigawa ake noma shi, har ana fitar da shi zuwa Meziko.