Duwatsun da Suka Zama Tuta

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi yana kallon fina-finan Indiya ya san wannan fitowar: jaruma ta tuɓe takalmi, ta hau matattakala, ta miƙa hannu ta kaɗa ƙararrawar da ke rataye a bakin ƙofa, sannan ta tsaya gaban wani mutum-mutumi da aka lulluɓe da furanni tana kai kukanta. Mu a lokacin iyakar abin da muke cewa shi ne ta je wajen gunki, muna ƙagara a wuce wurin a kai ga waƙa ko dambe. Ba mu taɓa tsayawa mun tambayi matsayin wannan gini a wajen mutanensa ba. Alhali kuwa a nahiyar Asiya, a kan irin waɗannan gine-gine an je Kotun Duniya, an ƙona ofishin jakadanci, an yi ruwan harsasai, an binne mutane. Ba sai ka yarda da abin da ake bauta wa a ciki ba kafin ka nemi sanin dalili.

Mu fara da raba abu biyu da muke yawan cuɗawa: wurin bautar Hindu da na mabiya Buddha. Wurin bautar mabiya addinin Hindu, wanda suke kira mandir, ya sha bamban da masallaci inda jama'a ke yin sahu a bayan liman. A wajensu gida ne da abin bautarsu yake zaune a ciki. Can a tsakiyar ginin akwai ɗan ɗaki mai duhu da suke kira garbhagriha, wato ɗakin mahaifa, kuma a nan mutum-mutumin yake. Masu hidima su tashe shi da asuba, su yi masa wanka, su sa masa tufafi, su ajiye masa abinci, kamar yadda bayi ke yi wa sarki. Mai ziyara kuwa abin da ya kawo shi shi ne ya gani kuma a gan shi, abin da suke kira darshan. Hasumiyar da ke bisa ɗakin kwaikwayo ce ta Dutsen Meru, wanda a imaninsu shi ne cibiyar duniya.

Buddha kuwa mutum ne, ɗan sarauta mai suna Siddhartha Gautama, wanda aka haifa a Lumbini da ke Nepal ta yanzu kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Ginin farko da mabiyansa suka sani shi ne stupa, wani tudu marar ƙofa da aka binne wani abu na Buddha ko na manyan almajiransa a ciki, kuma kewaya shi ake yi. Daga baya aka samu gidajen masu zuhudu, waɗanda a Tailan da Kambodiya ake kira wat. A ƙauye, wat shi ne makaranta tun kafin zuwan boko, shi ne masaukin baƙo, shi ne dandalin biki, kuma a nan ake ƙona gawa. Da sassafe masu zuhudun kan fito da mayafai ruwan goro, kowa da ƙwaryarsa, mutanen gari suna zuba musu shinkafa. Wanda ya san tsangaya ba zai sha wahalar gane tsarin ba. Samari da dama ma sukan aske kai su zauna a can na wasu makonni ko watanni kafin su yi aure.

To amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ginin yake daɗewa fiye da imanin da ya sa aka ɗora tubalinsa, sannan ya koma abin da al'umma ke nunawa ta ce ga asalinmu. Babu inda wannan ya fito fili kamar Angkor Wat a Kambodiya.

Sarki Suryavarman na biyu na daular Khmer, wanda ya hau mulki a 1113, shi ya gina shi domin Vishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar Hindu. Filinsa ya haura hekta 160, an kewaye shi da ramin ruwa mai faɗin mita 190, ga hasumiyoyi biyar a tsakiya da ke wakiltar ƙololuwar Meru, ruwan kuma yana wakiltar tekun da ya kewaye duniya. A jikin bango an sassaƙa labaran Hindu na Ramayana da Mahabharata da jerin gwanon rundunar sarkin. Ba a yi shekara ɗari ba sai iska ta juya. Jayavarman na bakwai, wanda ya hau gado a 1181, mabiyin Buddha ne, kuma sannu a hankali ƙasar ta bi wannan hanya. Ba a rushe Angkor Wat ba. Mutum-mutumin Buddha aka shigo da su, masu zuhudu suka tare, ibada ta ci gaba da sabon suna.

Kada a ɗauka wuraren nan ɗakunan addu'a ne kawai. Rubutun da aka sassaƙa a wurin bautar Ta Prohm, wanda Jayavarman ya gina domin tunawa da mahaifiyarsa a 1186, ya nuna mutum fiye da 12,000 ne ke hidima a wurin, cikinsu har da masu rawa 615, ga kuma kusan mutum 80,000 a ƙauyukan da aka ɗora wa ciyar da shi. Wannan ai gwamnati ce mai zaman kanta, da rumbunta da ma'aikatanta.

Littattafan Turawa sun daɗe suna cewa wani Bafaranshe, Henri Mouhot, shi ya gano Angkor Wat a 1860. Wannan magana irin ta Mungo Park da Kogin Kwara ce. Da ya isa, masu zuhudu ya tarar a ciki suna sha'aninsu. Abin da Faransawa, masu mulkin mallakar ƙasar, suka yi na gaskiya shi ne sharar daji, gyaran gini da karanta rubuce-rubucen jikin dutse, kuma ba tare da sun nufa ba suka miƙa wa 'yan kishin ƙasar Kambodiya makami: idan kakanninmu suka iya wannan, don me wani zai zo ya mulke mu? Shi ya sa hoton Angkor Wat yake kan tutar ƙasar. Abin mamaki, hatta gwamnatin Khmer Rouge ta Pol Pot, wadda daga 1975 zuwa 1979 ta haramta addini, ta tuɓe wa masu zuhudu mayafai, ta kashe da yawansu, ita ma surar hasumiyoyin ta sa a jar tutarta. Sun yi yaƙi da ibadar, amma ba su iya rabuwa da dutsen ba.

Idan gini ya kai wannan matsayi, taɓa shi taɓa ido ne. A watan Janairun 2003 wata jarida ta yaɗa jita-jitar cewa wata 'yar fim ta Tailan ta ce Angkor na ƙasarsu ne. Babu shaidar ta faɗi haka, amma kafin a ankara matasa sun cinna wa ofishin jakadancin Tailan a Phnom Penh wuta.

Rikicin Preah Vihear ya fi wannan muni. Wurin bauta ne na Shiva, wani abin bautar Hindu, da sarakunan Khmer suka gina a kan wani tsauni na jerin duwatsun Dangrek, daidai kan iyakar ƙasashen biyu. Taswirar da Faransawa suka zana a farkon ƙarni na 20 ta sa shi a ɓangaren Kambodiya, duk da cewa hanyar hawansa mafi sauƙi ta Tailan take. A 1962 Kotun Duniya ta ce na Kambodiya ne, da ƙuri'ar alƙalai tara a kan uku. Da hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2008 sai tsohon miki ya dawo sabo, sojoji suka riƙa musayar wuta har 2011 a kan filin da ke kewayensa wanda bai cika murabba'in kilomita biyar ba. A Yulin 2025 ma an sake gwabzawa a kan iyakar, kusa da wasu tsofaffin wuraren bauta. Ka duba fa: ƙasashe biyu ne da galibin mutanensu mabiya Buddha ne, suna zubar da jini a kan ɗakin Shiva wanda babu ɗayansu da ke bauta masa kamar yadda magina suka nufa. A ganina wannan ba faɗan addini ba ne ko kaɗan. Faɗa ne na wa zai ce shi ne magajin daular da ta shuɗe, kuma 'yan siyasar ɓangarorin biyu sun san daɗin kaɗa wannan ganga idan al'amura suka cuɗe musu a gida.

A Indiya kuwa abin ya faɗa kan Musulmi. Ranar 6 ga Disamba 1992 gungun masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka rushe Masallacin Babri da ke Ayodhya, wanda aka gina tun ƙarni na 16, bisa da'awar cewa nan ne mahaifar Rama, ɗaya daga cikin ababen bautarsu. Tarzomar da ta biyo baya ta ci ran kimanin mutum 2,000. A 2019 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce rushewar ta saɓa wa doka, amma duk da haka ta ba da filin a gina mandir, kuma Firaminista Narendra Modi da kansa ya jagoranci buɗe shi ranar 22 ga Janairu 2024.

Sai dai ba ko'ina aka bi wannan hanya ba, kuma misalin da ya fi dacewa mu sani yana ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. A tsibirin Java na Indonesiya akwai Borobudur, wanda sarakunan gidan Sailendra suka gina kusan ƙarni na 9, kuma shi ne ginin addinin Buddha mafi girma a duniya. Hawa-hawa ne, mai mutum-mutumin Buddha 504 da allunan sassaƙa 2,672. Mai ziyara yana kewayawa yana hawa, daga labaran sha'awar duniya a ƙasa har ya kai saman da babu ado sai ƙananan stupa 72 da suka zagaye babbar. An ƙaurace masa ɗaruruwan shekaru, toka da daji suka rufe shi, sai a 1814 gwamnan Ingila a Java, Stamford Raffles, ya tura a share. Babban gyaran da aka yi daga 1975 zuwa 1982, inda aka warware duwatsun aka saka magudanar ruwa aka mayar da kowanne gurbinsa, gwamnatin Indonesiya ce ta yi shi tare da UNESCO. Mabiya Buddha a ƙasar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma duk shekara suna yin bikinsu na addini, Waisak, a can, kuma ranar hutu ce ga kowa. An taɓa dasa bama-bamai a wurin a 1985 suka lalata stupa tara, aka gyara. Masu gadi da masu shara da masu sayar da tsaraba, akasarinsu Musulmin ƙauyukan kewaye ne. Kusa da birnin Yogyakarta kuma ga Prambanan na Hindu, mai hasumiya mita 47, inda ake wasan rawar Ramayana tun 1961. Tsuntsun Garuda da ke tambarin ƙasar da sunan kamfanin jiragenta, a tatsuniyar Hindu abin hawan Vishnu ne.

Wannan bai kamata ya zama mana baƙon abu ba. Bakano yana alfahari da Dutsen Dala ba tare da ya koma bautar Tsumburbura da Barbushe ya yi a kansa ba. Bajave ma haka yake kallon Borobudur, aikin hannun kakanninsa.

A garin Kudus na Java akwai masallacin da aka gina a 1549, wanda hasumiyarsa ta jan bulo in ka gan ta sai ka rantse ɗakin bautar Hindu ce, amma daga samanta ake buga gangar sanar da lokacin salla. Mutanen garin suna ba da labarin cewa malamin da ya kafa shi, Sunan Kudus, ya hana almajiransa yanka saniya don kada a ɓata wa maƙwabta mabiya Hindu rai. Yau kusan shekara ɗari biyar ke nan, kuma har yanzu da yawa daga Musulmin Kudus ɓaunar gida suke yankawa ranar layya.