Gutsuren Ƙarfe Ma Yana Iya Yaudarar Injiniya

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai rake a Ƙofar Gayan ya ga rabin darasin nan. Mai rake ba ya kokawa da kara. Wuƙa yake sa wa ya ɗan tsaga shi, ya buga a gwiwa, sai ka ji ƙas! To, mu ma da muke karatun injiniya a Samaru haka muke yi wa ƙarfe in muna son sanin ko zai jure bugun farat ɗaya.

Sunan gwajin Charpy, daga wani Bafaranshe, Georges Charpy, wanda ya gabatar da shi a 1901. Ana yanko gutsuren ƙarfe mai tsawon milimita 55, faɗi 10, kauri 10, a yi masa tsaga mai zurfin milimita 2 a tsakiya. Sai a saki wata guduma mai lilo ta sauko ta karya shi. In ta wuce ta yi sama sosai, ƙarfen bai tare ta ba ke nan, yana da gautsi. In da ƙyar ta wuce, ya sha ƙarfinta. Ana auna abin da ya sha da ma'aunin jul.

Matsalar ita ce ba kowane ƙarfe ne ya kai kaurin milimita 10 ba. Ku dubi bututu da fallen ƙarfen da masu walda ke haɗa ƙyaure ko hasumiyar tankin ruwa da su. Dole a yanko siririn gutsure, mai kaurin 7.5 ko 5 ko 2.5. Da farko mun ɗauka lissafin firamare ne: an rage rabin kauri, sai a ninka sakamako biyu. Ashe ba haka ba ne.

Ku tuna cunkoson ranar hawan Sallah a bakin ƙofa. Wanda ke gefe, in doki ya taso, sai ya goce. Wanda ke tsakiya ba shi da wurin gocewa. Haka cikin ƙarfe yake a gindin tsagar nan. A siririn gutsure, ƙarfen na samun damar motsawa ya miƙe kafin ya yage. A kakkaura kuwa, na gefe ya matse na tsakiya, sai ya tsage nan take. Sanyi na ƙara wannan gautsin. Shi ya sa za a iya yanko gutsure biyu daga ƙarfe ɗaya, a sanyaya su tare, siririn ya lanƙwashe ya yage, bakinsa toka-toka, kakkauran ya ɓalle, bakinsa na ƙyalli kamar ƙwayar sukari. Siririn ya ba da shaidar da ta fi gaskiyar ƙarfen kyau.

Gautsin ƙarfe ba wasa ba ne. A Janairun 1943 wani sabon jirgin ruwan dakon mai, Schenectady, yana tsaye a tashar Portland ta Amurka, ba hadari ba igiya, ya dare kusan gida biyu cikin sanyi. Wata masaniya a Jami'ar Kambirij, Constance Tipper, ta nuna cewa ƙarfen irin waɗannan jiragen da kansa ne ke yin gautsi in sanyi ya kama shi, kodayake ya cika ƙa'idar zamaninsa.

Wani zai ce ai hunturun Zariya bai kai can ba. Gaskiya ne, amma akwai ƙarfen da ke gautsi tun sanyi bai kai na ƙanƙara ba, kuma mummunar walda na barin tsaga irin ta mai rake. Tankin lita 1,000 kuwa, ruwansa kaɗai tan ɗaya ne, a saman tsakar gida inda yara ke wasa.

Don haka a ɗakin gwaji ba a rubuta jul shi kaɗai. Sai an haɗa da girman gutsuren da kuma zafi ko sanyin da aka karya shi a ciki. Ɗayanmu ya taɓa mantawa, malam ya mayar masa da rahoton ba ko maki ɗaya.