Magungunan hana jini daskarewa: bambancinsu da yadda suke aiki

Wanda gudan jini ya toshe masa jijiyar ƙafa, ko mai ciwon zuciya da aka tura daga Rabah, Wurno ko Goronyo zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, yakan dawo da maganin hana jini daskarewa. Waɗannan magunguna ba su narkar da gudan da ya riga ya samu, suna dai hana shi ƙaruwa da hana sabo fitowa.

Heparin allura ce, tana aiki nan take, kuma ita ake ba mai juna biyu domin ba ta ratsa mahaifa.

Warfarin ƙwaya ce mai arha da aka fara ba mutane a 1954. Tana hana hanta amfani da bitamin K wajen haɗa sinadaran daskarar da jini, shi ya sa sai bayan kwanaki take kama jiki. Ita ce mai bukatar kulawa sosai. Dole a riƙa gwajin jini na INR, wanda galibi ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3, ga kuɗin mota zuwa wurin gwaji. Ganyaye irin su alayyahu da zogale na ɗauke da bitamin K. Ba a ce a daina cinsu ba, a dai daidaita, kada yau a cika gobe a ƙaurace. Haɗa ta da asfirin, ibuprofen ko maganin gargajiya ba da sanin likita ba na iya jawo zubar jini.

Sababbi kamar rivaroxaban da apixaban kan toshe sinadari guda kai tsaye, ba su bukatar gwajin INR, amma suna da tsada. Wanda aka sa wa murfin zuciya na ƙarfe kuwa, warfarin ce tasa.