Marka, Rumbu da Sauro: Dalilin da Ya Sa Zazzaɓi Ya Fi Cin 'Ya'yan Talakawa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa yana lura da jujjuyawar shekara, ya san akwai waɗansu watanni, tun daga tsakiyar marka har zuwa sa'ad da aka shiga yankan gero, waɗanda a cikinsu ake yawaita kai ƙananan gawawwaki maƙabarta, har ya zamana masu ta'aziyya ba su cika tambayar abin da ya sami yaron ba, domin galibi amsar guda ce, wato zazzaɓi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna mutum wajen 608,000 ne zazzaɓin cizon sauro ya halaka a duniya, mafi yawansu ƙwarai a Afirka, kuma kusan huɗu cikin kowane biyar na mamatan Afirka yara ne da ba su cika shekara biyar ba. Nijeriya ita kaɗai ta ɗauki kusan sulusin wannan asara.

Asalin cutar ba ɓoyayye ba ne. Tun 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayarta a jinin marasa lafiya a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a ƙasar Indiya. Amma fa sanin sababi na kusa ba ya wadatarwa ga barin binciken sababi na nesa, kamar yadda malamanmu na fiƙihu suka saba rarrabewa. Gama sauro bai san ɗan attajiri ba, bai san ɗan manomi ba, alhali kuwa binciken da aka yi a Nijeriya a 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kusan rabin yaran da aka gwada a Jihar Kebbi, na Legas kuwa ba su wuce biyu zuwa uku cikin ɗari ba. Yanayin ƙasa yana da nasa rabo a wannan bambanci, sai dai ba shi kaɗai ne ya haifar da shi ba.

Mu fara da abinci, tunda nan ne maganar ta fi zurfi. Jariri yakan zo duniya da ɗan guzurin kariya daga jinin mahaifiyarsa, wanda ke raguwa a cikin watanni shida na farko, daga nan kuma sai jikinsa ya koyi yaƙin da kansa, ciwo bayan ciwo, har ya yi ƙwari. A daidai wannan zango mai hatsari ne ake fara ba shi koko tsararo, wanda ba gyaɗa ba madara, a nan ne kuma, in uwa ta yi kwanika, ake yaye shi tun bai cika shekara biyun da shari'a ta kwaɗaitar ba. To, idan aka haɗa wannan da abin da kowane manomi ya sani, cewa a marka ne rumbu ke ƙarewa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, uwa kuma ta wuni a gona ko wurin aikatau, sai a ga yunwa da sauro sun yi kiciɓis a jikin yaro guda a wata guda. Zazzaɓi yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, yana kashe sha'awar abinci, yana kawo amai. Yaron da ya tashi daga gare shi ya rame, ramammen kuma shi ne wanda zazzaɓi na gaba zai fi saurin kayarwa. Wannan ne ya sa cibiyoyin jinyar tamowa na Maraɗi da Damagaram da Katsina suke cika maƙil a daidai lokacin da ɗakunan masu zazzaɓi suke cika, sau da yawa ma yaran su ne dai guda.

Sai dai akwai wani abin al'ajabi a nan da ya kamata mai karatu ya yi tsokaci a kansa, don kada ya ɗauka cewa da an cika wa yaro ciki shi ke nan. A lokacin farin da ya auka wa Sahel a farkon shekarun 1970, wani likita mai suna Murray da iyalinsa, suna aiki a wani asibiti a gabashin Nijar, sun lura cewa mutanen da suka iso a yunwace, da masu jinya da 'yan rakiya, kwanaki kaɗan bayan sun fara samun abinci sai zazzaɓi ya taso musu. Suka buga wannan bayani a 1975. Fassarar da suka yi ita ce, ƙwayar cutar ita ma tana bukatar sinadarin ƙarfe da ke cikin jini, in ya ƙaranta ta lafa, in ya samu ta farfaɗo. Kusan shekaru talatin bayan haka aka yi wani babban gwaji a tsibirin Pemba na Zanzibar, inda aka riƙa bai wa dubban yara maganin ƙarin jini, har ala tilas aka dakatar da wannan sashe na gwajin, saboda an ga waɗanda ake ba sun fi yawan kwanciya a asibiti. Waɗansu sun so su fahimci wannan a karkace, wai yunwa garkuwa ce. Wannan kuwa kuskure ne babba, domin hujjojin da suka taru daga baya sun nuna yaro mai tamowa, in zazzaɓi ya kama shi, ya fi ƙosasshe kusa da mutuwa. Hukuncin da masana suka tsaya a kai shi ne a ciyar, a ba da maganin ƙarin jini ga mai bukata, amma tare da gidan sauro da gwaji da maganin zazzaɓi a kusa.

Game da muhalli kuwa, ba sai an tsawaita ba. Kududdufin da aka haƙa don samun ƙasar gini shi ne ke tara ruwa a bayan gida, tazarar da ke tsakanin bango da jinka ita ce ƙofar sauro da dare, mai hali yana sa raga a taga, marar hali yana kwana da 'ya'ya biyar a ƙarƙashin gidan sauro guda wanda ya yage. An taɓa jarraba kawar da cutar da ƙarfin feshi da rabon magani a ƙauyukan Garki, da ke cikin Jihar Jigawa a yau, daga 1969 zuwa 1976, da haɗin gwiwar gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya. Cutar ta ragu ainun muddin ana aikin, da aka janye kuwa ta komo.

Abin da na fi ganin yana kashe yara, a nawa ra'ayi, shi ne jinkiri, kuma jinkiri ɗan talauci ne na cikinsa. Jikin yaro ya yi zafi da dare, maigida ba ya nan ko ba shi da ko sisi, uwa ba ta fita sai da izini, sai a dafa ganyen darbejiya a jira wayewar gari. Kashegari a aika kemis a sayo rabin magani gwargwadon kuɗin da ke hannu. A rana ta uku, da jijjiga ta zo, sai a ce iska ce, a nufi wurin mai rubutu. Kafin a sami kuɗin babur zuwa asibiti tafin hannun yaron ya yi fari fat, ana neman jinin da za a ƙara masa. Ba na zargin uwar da ta yi haka, gama ta yi iyakar abin da ke hannunta. Wanda ya kamata a tunatar shi ne uba, cewa kula da ɗansa marar lafiya amana ce da ke wuyansa, kuma riƙon sababi bai taɓa warware tawakkali ba. Haka kuma mawadatan gari, waɗanda yawanci sukan fitar da zakkar hatsi da kaka, da za su riƙa ajiye wani abu na sadaka domin marka, da ya fi isa ga mabukata a lokacin da suka fi matsuwa.

Hukuma ma ta fara fahimtar wannan lissafi na watanni. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rabon maganin rigakafi na damina, wanda ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar sau ɗaya a kowane wata, a waɗansu wurare kuma masu rabon sukan auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi don gano tamowa tun da wuri. A ƙarshen 2024 aka soma allurar rigakafin zazzaɓin a jihohin Kebbi da Bayelsa. Allurar sau huɗu ake yin ta kafin ta cika, ma'ana sau huɗu uwa za ta bar aikinta, ta nemi izini da kuɗin mota, ta goyi yaro zuwa asibiti, kuma ta huɗun sai yaron ya haura shekara guda ake yin ta.