Matsirgar Yosamiti

Matsirga ita ce wurin da ruwan kogi ko na rafi ya ke faɗowa daga kan dutse zuwa ƙasa. Wanda ya taɓa zuwa Gurara, ko ta kusa da Kafanchan, ya san irinta. Namu da damina su ke cika, da rani su janye. To, yau za mu karanta labarin wata matsirga a ƙasar Amurka. Ita a watan Agusta ta ke ƙafewa, daidai lokacin da rafukanmu su ke ambaliya.

Sunanta Yosamiti. Tana cikin jihar Kalifoniya, yammacin Amurka, a tsakiyar waɗansu manyan duwatsu da a ke kira Siyera Nebada. Da can akwai 'yan asalin ƙasar da ke zaune a kwarin. A 1851 mayaƙan Turawa su ka shiga, su ka kore su. A 1864 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta keɓe kwarin don jama'a. A 1890 kuma a ka mai da duwatsun kewaye gandun daji na ƙasa. Ba a noma a ciki, ba a farauta.

Tsawon matsirgar daga sama har ƙasa ƙafa 2,425 ne. In dogayen maza 400 su ka hau kan juna, da kyar na ƙarshe zai kai bakinta. Hawa uku ruwan ya ke yi. Ya faɗo ƙafa 1,430 gaba ɗaya, sa'an nan ya gangara ƙafa 675 ta cikin lungun dutse, sa'an nan ya sake faɗowa ƙafa 320.

Me ya sa ta ke ƙafewa? Ga dalili. A can, da zafi ba a cika yin ruwan sama ba. Da sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Maris, dusar ƙanƙara ke sauka a kan duwatsu. Ba irin ƙanƙarar da ta kan zo mana da hadari ba ce, mai tauri kamar tsakuwa. Wannan fara ce fat, mai laushi kamar auduga. Ta yi ta taruwa, har a waɗansu wurare ta shanye tsayin mutum. Wato dutsen ya zama rumbu, amma ruwa a ke ajiyewa a ciki maimakon hatsi.

Da rana ta fara zafi a watan Afrilu, sai rumbun ya buɗe. Ƙanƙara ta narke, rafi ya cika. A watan Mayu ne abin ya kan kai maƙura. Tun daga nesa za ka ji ƙugin ruwan kamar tsawa. In ka matsa kusa, feshi kaɗai ya isa ya jiƙa maka riga sharkaf. In wata ya yi goma sha huɗu, sama kuma ta yi garau, har bakan gizo a kan gani cikin feshin da dare.

Amma ƙasar da ke bisa matsirgar yawancinta falalen dutse ne. Ba ta da ƙasa mai zurfi da za ta sha ruwa ta riƙe. Saboda haka, da ƙanƙara ta ƙare, shi ke nan. A watan Yuli ruwan ya kan ragu ƙwarai. A watan Agusta sau da yawa ba abin da za ka gani sai baƙin tabo a jikin dutse. Baƙon da ya kashe kuɗin mota ya zo a lokacin, wannan tabo zai kalla ya koma gida. Ruwan ba ya komowa sai wajen ƙarshen shekara.

Daga birnin San Faransisko tafiyar kamar awa huɗu ce a mota. Akwai hanyar ƙafa mai sauƙi, mil ɗaya zuwa da komowa, wadda ta kai gindin matsirgar. Tsofaffi da yara duk suna iya bi. Mai son hawa har ƙoli kuwa sai ya shirya. Mil uku da rabi ne, duk hawa, zuwa da komowa awa shida ko takwas. Ya fita da sassafe, ya riƙe ruwan sha, ya sa takalmi mai kama ƙasa. Kada ya ƙetare shingen ƙarfe don ya leƙa. Dutsen yana da santsi, ruwan yana da sanyi da ƙarfi, an kuwa yi asarar rayuka a wurin.

Ba 'yan kallo kaɗai ke jiran wannan ruwa ba. Kogin Marsed ya ke shiga, kogin kuma ya gangara zuwa gonakin da a ke ba ruwa a kwari. Yadda manominmu ya ke duban gabas ya ga ko hadari ya haɗu, haka na can ya ke tambaya, "Bana ƙanƙara nawa ta sauka a dutse?" A 2015 kaɗan ƙwarai ta sauka, matsirga ta ƙafe da wuri, manoma su ka sha wuya. A 2023 ta sauka da yawa, har a ƙarshen Afrilu a ka rufe wani sashi na kwarin 'yan kwanaki don tsoron ambaliya.