Damuwa a Lokacin Ciki da Jego: Addu'a Tana da Gurbi a Ɗakin Shawara

Duk ranar da kika zo awo, ana gwada jininki, a duba kwanciyar ɗa, a tambaye ki ko ƙafafunki suna kumbura. Akwai wata tambayar da ya kamata ki amsa tsakani da Allah idan an yi miki ita: yaya zuciyarki? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, kusan mata 16 cikin masu ciki 100, da kusan 20 cikin masu jego 100, suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa.

Mata da yawa ba sa faɗa, don gudun kada a ce imaninsu ya yi rauni, ko sun kasa gode wa Allah da ya ba su rabo. Alhali damuwa ciwo ce kamar hawan jini, tana kama har mai yawan ibada.

Saboda haka kada ki yi mamaki idan mai ba da shawara ta tambaye ki abin da ke ƙarfafa miki gwiwa in abu ya yi tsanani. In kin ce addu'a, da ita za a fara aiki. Ga misali. Bayan haihuwa an ɗauke miki salla saboda jinin biƙi, wanda a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana 60 ne. Macen da ta saba samun natsuwa a salloli biyar sai ta wayi gari babu su, ga ƙarancin barci, ga kukan jariri. Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, kuma ba a cika maganarsa ba. Ana iya taimaka miki ki cike lokutan nan da zikiri, da salati, da sauraren karatu, yininki ya samu tsari. In ke Kirista ce, addu'ar safe da ziyarar matan zumunta suna yin irin wannan aikin.

Wata kuma bayan ɓari ko rasa jariri takan ƙudurta cewa hukunci ne a kan wani laifinta. Ma'aikaciya ba ta ba da fatawa, amma za ta saurare ki, ta kuma ƙarfafa ki ki kai tambayar ga malama ko faston da kika yarda da shi. Babu ma'aikacin da ke da ikon tilasta miki aƙidarsa.

Maigida da iyaye, ga naku. Yawan kuka da saurin fushi daga kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa abu ne da aka saba gani, yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce haka, ku kawo ta. Amma in ta daina barci sam, tana surutai, tana jin muryoyi, ko tana maganar cutar da kanta ko jaririn, wannan na gaggawa ne. Yakan samu mace 1 ko 2 cikin masu haihuwa 1,000, kuma a gida akan ce iska ce. Ku yi mata addu'a kuna hanyar asibiti, a ranar. Kada a ɗaure ta, kada a dake ta, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Ku gaya wa likita duk wani jiƙo ko rubutu da aka ba ta ta sha, kuma in an ɗora ta a kan magani, kada a dakatar da shi sai da saninsa.