Adalar

Adalar gunduma ce a lardin Istanbul na ƙasar Turkiyya, wadda ta ƙunshi tsibirai tara a Tekun Marmara, kudu maso gabashin birnin. Kalmar "adalar" a harshen Turkanci tana nufin "tsibirai". Ana kuma kiransu Tsibiran Yarimomi. Mafi yawan jama'a suna zaune ne a huɗu daga cikinsu: Büyükada, wanda shi ne mafi girma, sai Heybeliada, Burgazada da Kınalıada. An san gundumar da natsuwa da tsofaffin gidajen katako, domin an haramta motocin hawa na kashin kai a titunanta.

Tarihi

A zamanin daular Rumawa ta Gabas, tsibiran wurin kora ne. Nan ake kai 'ya'yan sarauta da sarakunan da aka tuɓe, kuma daga nan sunan "Tsibiran Yarimomi" ya samo asali. Sarauniya Irene na cikin waɗanda aka kai Büyükada bayan an tuɓe ta a 802. A ƙarni na 19, da jiragen ruwa masu aiki da tururi suka fara zirga-zirga daga Istanbul, attajirai Girkawa, Armeniyawa, Yahudawa da Turkawa suka gina gidajen hutu a can. Leon Trotsky ya zauna a Büyükada daga 1929 zuwa 1933, bayan an kore shi daga Tarayyar Sobiyet.

Sufuri

Babu gada tsakanin tsibiran da birnin. Jiragen fito suna tashi daga Kabataş, Kadıköy da Bostancı, kuma daga Kabataş zuwa Büyükada tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce. A cikin tsibiran mutane suna yawo a ƙafa ko a keke. Da can keken doki ne abin hawan haya, amma an daina amfani da shi a 2020 bayan ɓarkewar wata cutar dawaki da koke-koke kan wahalar da dabbobin suke sha. Motoci masu aiki da lantarki ne suka maye gurbinsa.

Wuraren ziyara

A Büyükada akwai cocin Aya Yorgi a kan tsauni mafi tsayi na tsibirin, da tsohon gidan marayu na Girkawa, ɗaya daga cikin manyan gine-ginen katako a duniya, wanda aka rufe a 1964. A Heybeliada akwai makarantar tauhidin Kiristanci ta Halki, wadda aka rufe a 1971. A Burgazada, an mayar da gidan marubuci Sait Faik Abasıyanık gidan tarihi.

Cunkoson baƙi

Da hunturu tsibiran sukan yi tsit, amma da bazara, musamman a ƙarshen mako, baƙi sukan ninka mazauna yawa. Wannan yana jawo shara, hayaniya da haɗarin gobara a dazuzzukan tsibiran. A 2024 wasu mazauna sun yi zanga-zanga kan sababbin bas-bas na lantarki, suna cewa sun yi wa titunansu girma. Wanda yake neman natsuwa ya fi samunta a tsakiyar mako.